Gonar kawu da burtalin abokinsa: abin da na gano a Takanamat

An ce in yi magana kan ƙasa da abinci da harshe da canjin yanayi. Kayan da nauyi, ni kuwa ba malamin jami'a ba ne. Don haka zan ɗauke ku mu tafi wuri guda da na sani, mu duba abin a can.

Nan Tawa anka haife ni, nan na yi lakwal, amma mahaifiyata 'yar wani ƙauye ce cikin kwamin ɗin Takanamat, arewa maso yamma da nan. Wanda bai san wurin ba, can ne noma ke fara ja da baya, kiwo na karɓar fili. Hausawa manoma na nan, Buzaye na nan, Fulani na nan, suna haɗuwa a bakin rijiya da ranar kasuwa.

Bara bayan girbi na je gaida kawuna. Ya kai ni gona, na iske ta a share kamar an bi ta da tsintsiya, ko kara guda babu. Sai na tuna ina yaro akwai wani Bafillace abokinsa da ke sauka cikin wannan gona kowace kaka. Shanunsa su ci kara su bar taki, kawu ya ba shi dammunan hatsi, matarsa ta riƙa kawo muna nono. Na ce, "Kawu, ina karan? Ina kuma abokin naka?"

Ya ce, "Ɗana, wanga zamani kara kuɗi ne. In na bar shi ga gona, mi zan ba tumakina da rani?" Abokin kuwa shekara huɗu bai zo ba, don burtalin da yake bi ya matse, gonaki sun cinye shi hagu da dama. Da na matsa da tambaya, sai kawu ya yi shiru, sannan ya nuna mini wata sabuwar gona da hannu. Tasa ce, kuma a kan burtalin take. Tsohuwar gonar ta gaji, abin da take ba shi ba ya kai su bazara. 'Ya'yansa maza uku duk sun tafi biɗa, biyu Abijan, guda Libiya.

Ranar kasuwa na yi sa'a na gamu da abokin. Ya tsufa ƙwarai. Ya ce mafi yawan shanunsa sun tafi, wasu fari ya kashe, wasu ya saida ya sayi hatsi da dusa. Garken da yake kora yanzu na wani mai kuɗi ne a birni, shi ɗan ƙwadago ne. Ya ce, "Da ni da shanuna ne, yanzu ni da sandata."

'Yan uwa, a intanet in anka kawo irin wannan labari, nan take mu rabu biyu, wasu su ce makiyaya ne masu ɓarna, wasu su ce manoma ne masu cin burtali. Ni na ga mutanen biyu da idona, kuma duk su biyun asara suke yi. To, mi ya kawo haka?

Na farko, ruwan sama. Iyayenmu ba su manta farin 1973 da 1974 ba, balle na 1984 wanda anka laƙaba wa suna El Buhari, lokacin da mutane sunka koma cin anza. Mu kanmu mun ga 2005 da 2010. Ruwan ya dawo in an gwada da waɗancan shekaru, amma bai dawo da halinsa na da ba. Ya yi jinkirin sauka, ko ya ɗauke hatsi na tsakar bununi, ko ya zubo na wata guda cikin dare ɗaya ya tafi da gona da gida, kamar yadda munka gani a daminar 2024. Zafi kuma ya ƙaru. Hayaƙin da ya jawo wannan ba daga Takanamat ya tashi ba, amma can ake biyan kuɗinsa.

Na biyu, yawanmu. Lokacin da Nijar ta samu mulkin kai a 1960 ba mu kai miliyan 4 ba. Ƙidayar 2012 ta iske mun haura miliyan 17, kuma tun sannan ƙaruwa muke. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ke rabonta. Barin gona saura ta huta ya zama tarihi. Wanda tasa ta gaji sai ya nufi arewa, ko ya shiga makiyaya.

Na uku shi ne wanda ba mu son faɗi, domin ya taɓa mu, mu 'yan birni. Kuɗi ne. Masu hali na sayen manyan garke, su haƙa rijiya tasu ko su kai ruwa da tanka, dabbobinsu su cinye ciyawar wurin da ƙaramin makiyayi ba ya iya kaiwa. A wajen Abalak an daɗe ana kuka da masu kewaye daji da waya. Kuma ragon layyar da ke ɗaure ƙofar gidanmu, mi yake ci? Ciyawar da amalanke da motoci ke kwasowa daga daji su kawo Tawa, daga bakin dabbar wani anka ɗauke ta.

Abin mamaki, doka na nan, kuma ba ta da laifi sosai. Tun ran 26 ga Mayu 1961, doka mai lamba 61-05 ta ja iyakar noma ta arewa, ta ce abin da ke bayan iyakar na kiwo ne. A 1993 anka kafa kundin dokokin karkara, wato Code Rural, wanda ya yarda cewa mallakar gado ta gargajiya mallaka ce, ya kuma kawo kwamitocin ƙasa da muke kira Kofo, daga ƙauye zuwa kwamin zuwa departama. A 2010 anka ƙara da dokar kiwo mai lamba 2010-029, wadda ta ce yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, ta hana wani ya maida filin kiwo nasa shi kaɗai. Makiyayi na da fifiko a wurin da ya saba zama, amma ba ya hana wani shayar da dabba.

Na tambayi kawu ko ya san wannan. Ya ce ya taɓa jin Kofo a rediyo. Abokinsa bai taɓa ji ba sam. Wanda ya san dokar sarai shi ne mai kuɗin, ya kuma san ƙofar da ake bi a kewaye ta. Kun ga ke nan dokar da anka rubuta da Faransanci, anka aje a Yamai, ba ta kare wanda bai taɓa jin ta cikin harshensa ba.

Kar mu ɗauka wannan ƙaramar magana ce. A Toda ta jihar Maradi, a 1991, rikicin manoma da makiyaya ya ci rai fiye da 100, mafi yawa mata da yara na Fulani. A Bangi ta Madawa, cikin jiharmu, a Nuwamba 2016, an rasa kusan mutum 20. Kuma mun san abin da 'yan bindiga sunka yi a ƙauyukan Tiliya ran 21 ga Maris 2021, inda gwamnati ta ce an kashe mutum 137. Ban ce rikicin gona ne ya kawo su ba, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saurayin da ya rasa garke, ya rasa gona, ya rasa mai saurarensa, shi masu mugun nufi ke nema.

Yanzu bari in zo ga harshe, don wani zai ce mi ya haɗa shi da gona. A karkara, shaidar ƙasa a baki take. In gardama ta tashi, maigari na kiran tsofaffi su ce iyaka ta tashi daga gawon wane, ta bi ta fako, ta sauka ga aduwar da ke bakin tabki. Buzu zai faɗa maka sunan kowace rijiya da wanda ya haƙa ta. Sunayen wuraren arewa da ke farawa da In ko Cin, irin su Ingal da Cintabaraden, daga Tamajak sunka fito, kuma suna faɗin wa ya sha ruwa a wurin tun da. Ranar da tsohon ya rasu, jikansa kuwa bai riƙe sunayen ba, shaidar ta bi shi kabari. Filin da ba a san sunansa ba ya fi sauƙin saidawa.

A 2001 dokar ƙasa ta lissafa harsuna 10 a matsayin harsunan ƙasa. A Maris 2025 sabon kundin da hukumomi sunka fitar ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Turanci na aiki. Da yawanmu mun yi murna, ni ma na yi. Amma girma da nauyi yake zuwa. Nan cikin jiharmu akwai Tagdal, harshen Igdalan. Akwai Tetserret da ake yi a wajen Akubunu kusa da Abalak, wanda masu jinsa sunka yi ƙaranci har masana na tsoron ya ɓace. Ga Tamajak ga Fulfulde, da yaran da sunka taso a unguwannin Tawa ke jin kunyar yi a gaban abokai. In Hausa ta yi wa waɗannan abin da muke kukan Faransanci ya yi mata, to ba mu gyara komai ba. Mu kanmu Adarawa mun san zafin abin. Sau nawa anka yi muna dariya don mun ce "hwari" ko "mi kake biɗa", har munka koma lanƙwasa harshe?

Akwai kalmar da ƙungiyoyin duniya ke amfani da ita, 'yan asalin wuri. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da sanarwa kan haƙƙinsu a 2007. Ina roƙonku mu yi hattara da ita. In munka maida ta gasar wa ya riga wa zuwa Adar, Azna ko Buzaye ko Fulani, mun kunna wutar da ba mu iya kashewa. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka, cikin rahoton da ta amince da shi a 2003, ba ta auna abin da wanda ya fara zuwa ba. Ta duba mutanen da rayuwarsu ke rataye da ƙasa, waɗanda kuma ake yanke shawara kanta ba da su ba. Abokin kawuna ya shiga wannan ma'auni. Kawuna ma, da ba a taɓa tambayarsa komai ba, bai yi nisa da shi ba.

Ban zo in karya muku gwiwa ba, domin Adar ta taɓa nuna wa duniya cewa ƙasa na farfaɗowa. Aikin Kaita da anka fara a 1984 da taimakon Italiya ya maida duwatsu da fako wurin itace da shuka, kuma mata ne sunka ɗauki mafi yawan duwatsun a ka. Manoman Illela da Badagishiri sun ga dabarar haƙa ramuka a Yatenga ta Burkina Faso, sunka dawo sunka yi tassa, ƙasar da anka fidda rai da ita ta ba da hatsi. Sassaben zamani da ya bazu daga Maradi ya dawo da miliyoyin itatuwa cikin gonaki. Sai dai a kula, filin da anka raya shi ne ido ke komawa kai. In ba a rubuta tun farko na wa ne ba, matar da ta ɗauki dutse da makiyayin da ke kiwo a wurin su ne za a fara korewa.

To mu da ke da waya da karatu, mi za mu yi? In kun je hutu ƙauye, ku tambayi iyaye ko gonarsu na da takarda. Kofo na ba da takardar shaidar gado, ta saye, ta kyauta, ta aro, ta haya da ta jingina. Ku raka su, kuma kar ku manta da rabon gwaggo da inna. Ku zauna da tsofaffi ku ɗauki muryarsu suna faɗin sunan kowane burtali, mashaya, tudu da icce, cikin harshen da sunka ga dama, ku aje kwafi wurin maigari. Waɗanda sunka karanta shari'a cikinmu su fassara muhimman sassan dokar 2010 zuwa Hausa da Tamajak da Fulfulde, mu tura ta WhatsApp da murya, don wanda bai iya karatu ba ya ji. Kuma duk inda kunka ga ana kafa waya cikin filin kiwo, ku tambayi wa ya ba da izini, ku nemi ganin takardar. Tambaya cikin ladabi ba laifi ba ce.

Kafin in baro ƙauye na ce wa kawu, "Ka san gonar nan a kan hanyar dabbobi take." Ya ce, "Na sani, ɗana, kuma ba ni jin daɗi. Amma in na bar ta, wa zai cika mini rumbu?" Ban ba shi amsa ba, don ba ni da ita. Takarda kaɗai ba ta cika rumbu. Sai an raya tsohuwar gonarsa ta yadda zai iya sakin sabuwar, kuma wannan aiki ya fi ƙarfin mutum guda. Na yi mashi alkawarin zan dawo kafin shuka da wanda ya iya tassa da rabin wata. Duk wanda ke da wannan sani cikinku, ko ya san mai shi, ya same ni bayan an tashi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.