KASHI NA 23: Wata Bakwai a Akara, da Tafiyar da Zan Yi Kafin In Dawo Kawo

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bar su sun ji murya ba.

Toh, yau babu maganar katin zaɓe, hirar gida za mu yi. Da yawanku kun turo saƙo cewa tunda na tafi waje na yi shiru. Wani abokina na Unguwar Dosa ma cewa ya yi na fara cin dala na manta da mutanen Kawo. Bari in ba ku labarin dalar nan.

Ga wanda bai sani ba, aikin shekara ɗaya na samu da wata ƙungiya mai horar da matasa a Akara, babban birnin Ghana. Yau watana bakwai cif, saura biyar. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza ya shiga Ghana, yarjejeniyar ECOWAS ta ba shi kwana 90, fasfo kawai da katin rigakafin shawara. Amma fa ku ji da kyau, kwana 90 ɗin nan na ziyara ne. In aiki ya kawo ka, sai an yi maka takardar izinin aiki da ta zama. Duk wanda ya ce maka "taho kawai, ma gyara daga baya", wallahi ka tsaya ka yi tunani.

Wautata ta farko a kan ɗaki na yi ta. A Akara mai gida yakan nemi kuɗin shekara ɗaya, wani ma shekara biyu, a dunƙule. Tun ina Kaduna wani dillali ya turo min hotunan ɗaki mai kyau, na tura masa kafin alƙalami. Ina sauka, lambarsa ta daina shiga, har yau ɗin nan. Ni da nake tara matasa ina yi musu lacca a kan 'yan damfarar intanet! Kunya ta hana ni faɗa wa kowa a gida.

Wanda ya rufa min asiri wani dattijo ne mai tsire a unguwar Nima. A masallaci ya gan ni da jaka bayan isha'i, ya ce, "Yaro, daga ina?" Na ce, "Daga Kaduna, Baba." Ya ce kakansa Bakatsine ne, shi kuwa bai taɓa taka Najeriya ba. Sati biyu na yi a ɗakin 'ya'yansa, ko sisi bai karɓa ba. Ran farko ya ce min, "Zauna, matana ya dafa tuwo." Na yi ta waige ina neman namijin da ya yi girkin. Ashe Hausar Zangon Ghana ba ruwanta da "ta", mace ma "ya" ce. Yanzu ni ma bakina ya fara karkacewa, Umma na yi min dariya a waya.

Rayuwar yau da kullum kuwa, bayan asuba koko da ƙosai ne, kuma a nan kowa "Hausa koko" yake kiransa, har wanda bai iya gaisuwa da Hausa ba. Shinkafa da waken da suke ji da ita, waakye, daga kalmarmu ta wake sunan ya fito. Tuwon da suke ce wa TZ, tuwo zafi ne. Ka ga abincinmu ya riga mu samun takardar zama. Daga nan sai in kama trotro, wato bas ɗinsu, yaron mota na rataye a ƙofa yana kiran unguwanni, kamar dai ka hau daga Kawo zuwa Kasuwa. Agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya, shi ya sa 'yan gida kan tashe ni da kira suna cewa rana ta yi. Ran Juma'a ina zuwa babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka gina da taimakon Turkiyya aka buɗe a 2021. Babban limamin ƙasar, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya haura shekara 100, kuma Musulmi da Kirista kowa na girmama shi. Ni da na tashi a garin da kogi ya raba mu gida biyu, abin nan ya tsaya min a rai.

Yanzu maganar dala. Alawus ɗina kashi uku nake yi masa: ɗaya na ci da mota da wuta, ɗaya gida, ɗaya ajiya. Kason gidan ne ba ya taɓa isa. Wannan kuɗin makaranta, wancan asibiti, wani kuma "ka tuna da mu". Ba na ganin laifin kowa, ni ma da ina gida haka nake ɗaukar duk wanda ya hau jirgi. Amma na koyi cewa "wannan watan babu" ba rashin zumunci ba ne.

Ajiyar nan ta tafiya ce. Ina da hutun kwana goma, ga kuma tsarin da na yi. Daga Akara zan hau bas zuwa Kumasi, in kwana biyu a Zango, in shiga kasuwar Kejetia. Daga nan Tamale, sai Salaga. In kuɗi ya yi saura, in leƙa tsohon masallacin ƙasa na Larabanga da ke kusa da gandun dajin Mole.

Me ya sa Salaga? Duk wanda ya taɓa jin tsofaffi na maganar fataken Gwanja, to nan ake nufi. Ayari kan tashi daga Kano da madugunsa, a yi watanni a hanya da kanwa da tufafi da fata, a dawo da goron da aka ɗauko daga dazukan Ashanti. Yaƙin basasa na 1892 ne ya watsa garin, mutane suka bazu zuwa Kete Krachi da Kumasi da sauran zanguna. Cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya rasu a Kete Krachi a 1934. Kuma ba goro kaɗai aka sayar a Salaga ba, an sayar da mutane. Babbar kasuwar bayi ce. In za mu yi alfahari da ayarin kakanninmu, dole mu iya kallon wannan ɓangaren ma ido da ido.

Toh, sai ga bikin ƙanwata ya taso. Na zauna na yi lissafi, na ga in na fasa tafiyar, kuɗin zai ƙara wani abu a kayan ɗaki. Na kira Umma na ce, "Umma, na fasa zuwa arewan nan, zan turo kuɗin a haɗa." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Kai yaron nan, wa ya ce maka da kuɗin motarka za a aurar da ita? Kakana da ƙafa ya je Gwanja, kai an kai ka bakin ƙofa za ka juyo? Ka je ka gano min wurin, ka taho min da goro." Wallahi ban taɓa sanin muna da wanda ya yi wannan fataucin ba sai ranar. Na ce, "To Umma, Allah Ya ƙara girma." Mun tsaya a kan zan ba da abin da na saba bayarwa, tafiya kuma tana nan.

Saura magana mai nauyin. Makon jiya shugabar ofishinmu ta tambaye ni ko zan ƙara shekara. Kuɗin ya fi abin da zan samu a gida, wannan ba a musu. Amma darasin dare da muka fara wa yaran unguwa shekara uku da suka wuce, na bar shi da yara kusan 40, jiya aka ce min 11 suka zo. Laifina ne, komai a hannuna na riƙe, ban horar da wanda zai gaje ni ba. Sannan Baba mai tsire ya ba ni labarin 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takarda, maƙwabtansu suka kwashe kaya cikin makonni biyu. Mu ma a 1983 zamanin Shagari mun rama, har jaka ta samu suna. Ya ce, "Ɗana, baƙo raɓa ne. Ka ci arziki, amma ka san inda za ka koma."

Na ba ta amsa, na gode mata, na ce gida zan koma. Wata biyar ɗin da ya rage, duk daren Asabar zan riƙa zama ta waya da matasa uku da za su riƙe darasin, don ko na dawo kada ya sake rataya a wuyan mutum ɗaya.

Dawowar ma ta ƙasa nake so in yi: Aflao, Lome, Kwatano, Seme, Legas. Iyaka uku a tafiyar da ba ta kai nisan Kaduna zuwa Legas ba. Daga nan Abuja, in hau jirgin ƙasa a Idu in sauka Rigasa. Ina so in gani da idona ko 'yancin zirga-zirgar da muke karantawa a takarda yana aiki a bakin shinge, in kawo muku rahoto.

In kana shirin fita aiki waje, kada ka biya kuɗin ɗakin da ba ka shiga da ƙafarka ba, kuma tun kafin ka tafi ka faɗa wa 'yan gida gaskiyar abin da za a riƙa biyanka. Wanda kuma yake da dangi a Kumasi ko Salaga, ya yi min magana, ina neman masauki da mai nuna hanya.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A gaida mutanen Kawo.