Ka San Cikin Kwamfutarka Kafin Ta Kai Ka Wurin Mai Gyara

 

Da nake shigowa ɗakin nan na lura da jakunkunan da kuka rataya a kafaɗa, na kuma tabbata yawancinsu akwai kwamfutar tafi-da-gidanka a ciki. Wani sai da aka sayar da rago biyu aka saya masa, wata kuma mahaifiyarta ce ta kwashi adashi ta cika mata kuɗin. Amma da zan ce kowa ya miƙe ya faɗa mana abin da ke cikin tasa, shekararta nawa da ƙerawa, batirinta saura me, 'yan kaɗan ne za su iya. Mun iya latsa ta, ba mu san ta ba. Wannan rashin sanin shi ke sa a cuce mu ranar saye, shi ne kuma yake kashe na'urar tun kwananta bai ƙare ba. A kansa zan yi magana yau.

A shekarar 1981 aka fito da Osborne 1 a Amurka, kwamfutar da ake iya ɗauka a yi tafiya da ita. Nauyinta ya kusa kilo 11, allonta inci 5 kacal, kamanninta kamar akwatin keken ɗinki. Shekara guda bayan haka GRiD Compass ta fito, wadda wani Bature ɗan Ingila, Bill Moggridge, ya tsara ta yadda za a buɗe a rufe kamar littafi, har hukumar NASA ta riƙa tafiya da ita sararin samaniya. A 1991 kamfanin Sony na Japan ya fara sayar da batirin litiyom, irin wanda ke cikin jakarku yanzu. Tun daga nan aikin maƙera ɗaya ne: su matse kayan da a da suke cika tebur cikin abin da kaurinsa bai wuce yatsa ba. Ku riƙe wannan, domin duk wata lalurar wannan na'ura daga matsin nan take tasowa.

Abubuwa uku ne ke yin aikin. Ku ɗauki misalin mace mai bakace. Hatsinta yana rumbu, tana ɗibowa ta zuba a faifai, hannunta ne ke aikin. Furosesa ita ce hannun, RAM shi ne faifan, ma'adanar da ake kira HDD ko SSD ita ce rumbun. Komai girman rumbu, abin da faifai ya ɗauka kaɗai ake bakacewa a lokaci guda. Shi ya sa za ka ga kwamfuta mai ma'adana ta gigabait 1000 tana rarrafe da zarar an buɗe shafuka goma a intanet, saboda RAM ɗinta gigabait 4 ne. Ga ɗalibi a yau, 8 ne mafi ƙarancin abin da zan ba da shawara. Kuma faifan nan da an kashe wuta yake zubar da duk abin da ke kansa, don haka aikin da ba ka adana ba bai shiga rumbu ba tukuna.

Yanzu mu shiga kasuwa. Ko a titin Beirut na Kano ne, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, yawancinmu ta-hannu muke saya, wadda aka gama amfani da ita a ofisoshin Turai da Amurka. Ni ban ga aibun haka ba. ThinkPad ko Latitude ko EliteBook ta-hannu sau da yawa ta fi sabuwa mai araha ƙwari, don an ƙera ta ne domin aikin ofis na shekaru. Inda ake faɗawa rami shi ne 'yar takardar nan da aka liƙa kusa da madannai, mai ɗauke da Core i7. Mai shago zai nuna maka ita ya ce, "Alhaji, ai wannan sebin ce," kai kuma ka ɗauka ka samo ingarma. To ita i7 sunan gida ne, kuma gida akwai kaka akwai jika. Ka nemi cikakkiyar lambar. Idan ka ga i7-2620M, lambar farko bayan ɗan layin, wato 2, tana nufin zubi na biyu, na shekarar 2011. Idan ka ga i5-8250U, zubi na takwas ne, na 2017, mai ƙwaya huɗu a ciki alhali waccan biyu gare ta. Wannan i5 ɗin ta bar waccan i7 nesa ba kusa ba, kuma ba ta shan batir kamarta.

Maganar zubi ta ƙara nauyi saboda Microsoft ta sa 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ranar janye tallafinta daga Windows 10, ita kuwa Windows 11 a ƙa'ida tana neman furosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama. Kwamfutocin da ƙasashen Turai da Amurka suka sallama saboda wannan dalili, ina kuke jin za su nufa? Kasuwanninmu. Saboda haka kada kunya ta hana ka dubawa. Ka kunna ta a gaban mai shagon, ka danna Ctrl da Shift da Esc a tare, ka shiga sashen Performance. Nan za ta faɗa maka gaskiyar furosesarta da RAM da irin ma'adanarta da bakinta. Mai kaya na ƙwarai ba ya jin haushin mai dubawa.

Babban abin da nake so mu daɗe a kansa shi ne zafi da ƙura. Kamfanin Apple ya rubuta cewa a yi aiki da MacBook a yanayin da ke tsakanin digiri 10 zuwa 35, sauran kamfanonin ma ba su yi nisa da haka ba. Mu kuwa a Afrilu, a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, ma'auni yana haura 40 a inuwa. Wato tun kafin ka kunna ta, ɗakin da take ciki ya riga ya wuce abin da aka tanadar mata. Sannan hunturu ya zo da tasa ƙurar mai laushi, wadda ko akwati a kulle sai ta shiga.

Ga yadda take fitar da zafi. A kan furosesa akwai wani bututun jan ƙarfe da ke kwashe zafin ya kai shi wasu siraran haƙora a bakin tagar iska, kamar haƙoran matsefi. Wata 'yar fanka tana zuƙo iska daga ƙasan kwamfutar, ta hura ta cikin haƙoran, zafin ya fita waje. Na taɓa buɗe kwamfutar wata ɗalibata da ta kawo ƙarar cewa tana ɗauke wuta da kanta bayan minti ashirin. Da na kwance kusoshi na ɗaga fankar, abin da na tarar tsakaninta da haƙoran nan wani dunƙulen ƙura ne haɗe da zaren bargo, ya kwanta ya yi kauri kamar audugar tsohuwar katifa. Da ɗan hantsaki na zare shi gaba ɗaya bai ko tsinke ba. Fankar tana ta juyi tana ƙara, amma iska ba ta da hanyar wucewa. Furosesa idan ta doshi digiri 100 takan rage wa kanta gudu, in abin ya ci tura ta kashe kanta don kada ta ƙone. Yarinyar har ta fara tara kuɗin sabuwa. Aikin da bai kai rabin awa ba ya tashe ta.

Na tambaye ta inda take karatu, ta ce a kan gado. Nan ne matsalar. Katifa da filo da darduma suna toshe hancin da take shaƙar iska da shi. Ka samo ɗan katako ko tire ka ɗora ta, ka ɗan ɗaga bayanta. Duk bayan wucewar hunturu ka kai ta a buɗe a share fankar, a kuma sabunta man nan mai launin toka da ke tsakanin furosesa da jan ƙarfen idan ya bushe. Kada kuma a bar ta cikin mota a kulle da tsakar rana.

Sai wuta. Ka juya cajarka ka karanta ƙananan rubutun da ke jikinta. Yawancin na HP da Dell za ka ga bolt 19.5, na Lenovo bolt 20, sai kuma wat 45 ko 65 ko 90. Bakin caja ya shiga rami ba shi ne shaidar ta dace ba. Bolt ɗin dole ya zama daidai, wat ɗin kuma kada ya gaza na asali. Cajar jabu, wadda za ka ji ta sakayau a hannu, ita ce takan bar wutar janareta mai hawa da sauka ta wuce kai tsaye ta ƙona babban allon da komai ke liƙe a kansa, wanda masu gyara ke kira bod. In bod ya tafi, kuɗin gyara kan kusa kamo kuɗin na'urar. Idan an kawo wuta ko an tayar da inji, ka ɗan dakata ta daidaita kafin ka jona.

Batirin litiyom kuwa abu biyu ba ya so: zafi, da a riƙa ƙarar da shi ƙarƙaf. Za ka iya sanin lafiyarsa. A Windows, ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, zai ba ka rahoton abin da aka ƙera batirin ya ɗauka da abin da yake iya ɗauka yau. In na biyun ya koma rabin na farko, to ka san dalilin da ba ta kai maka ƙarshen lacca. Wannan ma a shago ya kamata a duba. In kuma ka ga wurin da kake shafawa da yatsa ya fara tasowa, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, batirin ne ya kumbura. Ka daina caja nan take, kada ka danne shi, kada ka huda shi, domin yana iya kama wuta.

Zan ba ku labarin abin da ya same ni. Ina karatun digiri na biyu, na fito daga a-daidaita-sahu sai igiyar jakata ta tsinke. Faɗuwar ba ta kai tsawon gwiwa ba, kuma ko tsagewa jikin kwamfutar bai yi ba. Amma barci na sa ta, ban kashe ta ba, da na buɗe a gida sai na ji wani ƙas, ƙas, ƙas daga ciki. HDD faifai ne na gaske da ke juyawa sau 5400 a minti ɗaya, da wata 'yar allura da ke shawagi a kansa ba tare da ta taɓa shi ba. Ranar ta taɓa. Babi uku na aikin wata bakwai suka tafi, masu gyara biyu suka gwada suka kasa, sai da na sake rubutawa daga takardun hannu. SSD ba ta da abin da ke motsi a ciki, don haka ta fi jure jijjiga, ta kuma fi sauri nesa. Wanda ke da tsohuwar kwamfuta, sauya HDD da SSD shi ne gyara mafi amfani da zai yi mata da ɗan kuɗi. Sai dai ita ma takan mutu, kuma ba ta sallama. Aikinka ya kasance a wuri uku: cikin kwamfuta, cikin fulash, da kwafi a imel ɗinka.

Ƙananan abubuwa zan bi su da sauri. Ka buɗe murfi daga tsakiya, kada ka ɗaga ta ta allo, ka duba ba ka bar biro a kan madannai ba kafin ka rufe. In shayi ko zoɓo ya zube mata, ka kashe ta nan take, ka zare caja, ka kifa ta, kada ka kunna don ka gwada. Binne ta cikin shinkafa ba ya fitar da sukarin da ya shiga. Ka san ramukan gefenta, musamman ko tana da HDMI ko tsohon VGA, tun kafin ranar da za ka tsaya gaban malamai majigi ya ƙi haɗuwa. Ka kuma koyi aikin madannin Fn, domin na sha ganin wanda ya biya kuɗin gyaran Wi-Fi alhali yatsansa ne ya kashe ta bisa kuskure.

Akwai abu ɗaya game da madannai da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ba a zana ƙ da ɗ da ɓ a jikinsu ba, ko irin tsarin QWERTY da muke samu a Najeriya, ko AZERTY na Faransa da 'yan'uwanmu na Nijar suka saba da shi. Sai muka miƙa wuya, muna rubuta baki a inda muke nufin baƙi, da kasa a inda muke nufin ƙasa. Alhali Windows tana da tsarin madannai na Hausa a sashen harsuna, sauke shi kawai za a yi. Ɗalibin da zai rubuta kundinsa da Hausa ba shi da uzurin barin haruffanmu babu lanƙwasa.

Roƙona gare ku, ƙannena, shi ne yau da daddare kowa ya juya kwamfutarsa ya karanta lambar samfurinta. Ya rubuta a bangon littafinsa furosesarta da zubinta, yawan RAM, irin ma'adana, bolt da wat na caja, da abin da ya rage a batir. Wanda ya tarar fankarsa tana gurnani, ya kai a share ta cikin makon nan, kafin zafi ya kankama. Su kuma iyayena malamai, ina roƙon a ware ko da awa biyu a zangon farko, a buɗe tsohuwar kwamfuta guda a gaban sababbin ɗalibai, kowa ya riƙe RAM da ma'adana da fanka a hannunsa.