Shimfiɗar Fuska Ta Fi Ta Tabarma

A matso kusa, yau hirar tamu a kan wayar nan ce da ke hannunki, da mutanen da kike kallo a cikinta.

Ga abin da ya jawo maganar. Kwanakin baya na je barka wani gida a nan Nassarawa GRA, falo cike da mata, sai gardama ta ɓarke a kan wasu mata biyu masu koyar da girki a waya. Ta farko kicin ɗinta kamar na otal, tukwane sai ƙyalli, hoto tar, abinci kamar ki miƙa hannu ki ɗauka. Ta biyu kuwa hannunta kawai ake gani da 'yar tukunyarta a kan murhun gawayi. Wani lokaci a ɗauke wuta tana tsakar bayani, wani lokaci yaro ya tsala kuka ta ce a yi mata haƙuri tana zuwa. Ranar da alkakinta ya ƙi yi ba ta ɓoye ba, ta nuna shi, ta faɗi inda ta kuskure. To da aka zo maganar wadda aka taɓa tura wa kuɗi don shiga ajinta, kusan duk falon ta biyun aka ambata. Wata dattijuwa ta ce, "Ni fa ba girkin nake saya ba, na fi ta iya miyar kuka. Yarinyar ce ta shiga raina."

Uwargida, wannan magana ta Hajiya ita ce kan zancenmu. Me ya sa mutane ke buɗe jaka saboda halin mutum da ƙoƙarinsa, fiye da kyan abin da ya fitar?

Da farko dai abin ba baƙo ba ne gare mu. Tun kafin wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, matan kulle na sana'a daga cikin ɗaki: ƙosai, ƙuli-ƙuli, ɗinkin hula, saƙa, adashe. Ki tuna gida nawa ake suyar ƙosai a layinku na da, amma sai a aiki yaro ya wuce gida biyu ya je na uku. Ba don ƙosan can ya fi auki ba. Don matar tana yin gyara, tana tambayar jikin mai jiki, ranar da babu kuma ta ba da bashi ba tare da gori ba.

Haka abin ya kasance da littattafai. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana da ƙuruciya, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Littattafan wannan zamani, nata da na su Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wasu masana sun kira su adabin kasuwar Kano, suna kukan takarda ba ta da kyau, bugu cike da kurakurai. Amma mata ba su fasa aiken yara kasuwa a sayo ba, littafi ɗaya ya zaga gida goma har bangonsa ya cire. Masu karatu kan rubuta wa marubuciya wasiƙa, ita kuma ta jero sunayensu ta gaishe su a littafi na gaba. Mace na karantawa tana jin wadda ta rubuta ta san zafin kishi, ta san zaman haƙuri. Ƙarshenta a 2012 aka buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci a ƙasar Indiya. Ga kuma marigayiya Barmani Choge, mutuniyar Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. Ƙwarya ce kayan kiɗanta, amma in ta shigo gidan biki sai kuɗi su yi ta zuba, domin mata na ganin tasu ce, tana faɗin abin da ke ransu, tana kuma zuga su a kan riƙon sana'a.

Turawa ma sun lura da wannan. A 1956 wasu masana biyu a Amurka, Donald Horton da Richard Wohl, suka yi rubutu a kan yadda mai sauraron rediyo ko mai kallon talabijin kan ɗauki mai gabatar da shiri tamkar aminin da ya sani, alhali shi mai shirin bai san da zamansa ba. Ke ma shaida ce: akwai muryar da in ba ki ji ta a rediyo ba sai ki ce ko lafiya. A 2013 kuma wani mawaƙi mai suna Jack Conte da abokinsa suka kafa dandalin Patreon, inda masoya ke biyan kuɗi duk wata don wanda suke so ya ci gaba da aikinsa.

To me ke jawo haka? Dalili na farko, kaya sun yi yawa. Yau in kina neman yadda ake dambun shinkafa, a YouTube ko TikTok ko Facebook za ki samu bila adadin, kuma kyauta. Abin da ya cika kasuwa ba ya tsada. Wanda ke wuyar samu shi ne mutumin da za ki yarda da shi.

Na biyu, ido na ganin wahala. Mun san kuɗin data, mun san yadda ake cajin waya in babu wuta, mun san sai yara sun yi barci mace ke samun sukunin rubutu. Marubuciyar da ke turo shafi kullum a WhatsApp, ranar da ta makara ta ba da haƙuri ta faɗi dalili, in ta ce a biya kafin a ci gaba, ba a jin ciwon biya. Ga shi dandalin ba ya saurin sakin kuɗi: ƙa'idar da YouTube ya kafa a 2018 ita ce sai mutum ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda kafin a fara raba kuɗin talla da shi. Kafin a kai can, masoya ne ke riƙe da mutum.

Na uku, amsawa. Zaman gida akwai kaɗaici, musamman a unguwa irin GRA inda katanga ke da tsawo, maƙwabciya sai a yi wata ba a haɗu ba. Wadda kika yi wa tambaya ta amsa, har ta kira sunanki, ta zama kamar ƙawar da ta leƙo ta katanga.

Amma fa 'yar uwa, ga inda gizo ke saƙar. Fara'a ma ana koyonta kamar yadda ake koyon girki. Akwai masu kukan ƙarya a gaban kyamara, akwai masu "ƙawata, 'yar uwata" har sai kin saki jiki, sannan a kawo miki adashen da ba ki san uwarsa ba, ko maganin mata da man shafawa marasa lambar NAFDAC. Sonki da ita ba zai hana magani ya cutar da ke ba. Don haka ki raba abu biyu. In kyauta ce za ki yi don ƙarfafa gwiwa, yi daidai ƙarfinki, kada ki taɓa kuɗin cefane ko na makarantar yara. In kuwa abin sha ne, ko na shafawa, ko zuba jari, to a ajiye soyayya gefe a yi bincike, a tambayi likita ko wanda ya sani. Kuma ki riƙa tunawa, ke kin san ta, ita ba lallai ta san ki ba.

Ke kuma mai son farawa, kada rashin babbar waya ko kicin na zamani ya karya miki gwiwa. Fara da abin da kike da shi, da shawarar maigida. Ba dole sai an ga fuskarki ba. Murya da hannu sun wadatar. Ki tsayar da lokaci ki cika shi, ki amsa tambaya cikin mutunci, in kin yi kuskure ki faɗa. Sai dai kada neman shiga rai ya sa ki baje sirrin gidanki a kasuwa. Faɗanki da kishiya, cikin ɗakinki, hotunan 'ya'yanki, duk ba kayan talla ba ne, kuma abin da ya hau intanet ba ya dawowa. Sannan kada ki kwanta a kan son da ake miki. Mai ƙosan nan da ake wuce gida biyu dominta, in ta fara suya da mai mai ɗaci, wata ɗaya za a yi mata kara, na biyu yaro ya canza hanya. Hali ke kawo mai saye, amma gyaran aiki ke zaunar da shi.

Waccan mai murhun gawayi, na ji an ce da kuɗin ajin ta sayi fitila mai caji, yanzu ko an ɗauke wuta ana ganin tukunya.

Nan za mu dasa aya sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A gaida maigida, a shafa kan yara. Mu kwana lafiya.