Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu Kan Ƙarfen Tsintuwa

Sau da yawa manomi ko mai haƙar rijiya yakan tono wani ƙarfe wanda ba a san ko mene ne ba. Cikin 1938, a garin Ife, masu haƙar tushen gini suka tono kawunan mutane na tagulla. Da an kai su maƙera an narkar, da kuɗin awo kurum za a samu. Yau kuwa suna cikin dukiyar tarihin Nijeriya.

Saboda haka in talaka ya kawo irin wannan, malami ya rubuta rana, da wuri, da zurfin rami, da nauyin abin. A kara masa mayen ƙarfe. In ya kama, baƙin ƙarfe ne. Koriyar tsatsa alamar tagulla ce ko jan ƙarfe, zinariya kuwa ba ta tsatsa. Kada a kankare shi, kada a sa shi wuta. In ya yi kama da harsashin igwa, kada kowa ya taɓa, a kira 'yan sanda.

Sa'an nan a aika da labari gidan tarihi na Jos, ko Gidan Makama a Kano, gama can masana suke. Dillali ya taya, lalle a hana, don doka ta hana fitar da kayan tarihi waje ba izini.