Ɗamarar Ƙarfe ga Bututun da Ya Gaji



Ruwan da ke zuwa famfunanmu a nan Apo ta Abuja daga madatsar Usuma yake tasowa, can Ushafa. Ita ma Usuma ana ƙara mata daga Gurara ta Jihar Kaduna, ta wani ƙaton bututun ƙarfe mai tsawon kilomita 75. Rayuwar birni ke nan a binne cikin ƙasa, ba mai ganinta. Shi ya sa yau za mu leƙa Libiya, mu ga yadda ake ceto babban bututu kafin ya fashe.

A 1984 Libiya ta ƙaddamar da aikin shimfiɗa bututan da ke janyo ruwa daga ƙarƙashin Sahara, daga rijiyoyin Sarir da Tazerbo, zuwa biranen bakin teku. Na kankare ne, faɗin bakin kowane mita 4, mota ma za ta shige ciki. To amma kankare yana da hali: a danne shi, ya jure; a ja shi, ya tsage. Ruwa kuwa daga ciki yake turo bango waje. Don haka tun a masana'anta ake naɗe bututun da wayar ƙarfe wadda aka ja ta yi tsam, ta matse shi, sannan a shafe ta da siminti. Mafi yawan ƙarfin bututun yana jikin wayar nan.

Daga 1999 sai bututan suka fara fashewa. Gishirin da ke cikin ƙasa ya ratsa simintin, tsatsa ta kama waya, tana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Ba yoyo, ba wata alama a sama, sai ranar da ragowar wayar ta gaza.

Injiniyoyi ba su tone layin duka ba. Sun sa na'urar maganaɗisu ta ƙirga wayoyin da suka tsinke, suka kuma sa wata mai sauraron ƙarar tsinkewar. Bututun da ya lalace ƙwarai aka sauya shi. Wanda ke da sauran rai, sai aka yi masa ɗamara.

Ga yadda ake yi. A rage ƙarfin ruwan, a tone kewayen bututun kaɗan-kaɗan, don idan aka kwashe ƙasar da ke tallabe da shi gaba ɗaya zai iya karyewa. A zagaya shi da igiyoyin ƙarfe, kowace cikin rigar roba mai giris a ciki, saboda kada tsatsa ta maimaita ɓarnarta. A ja su da jak, a kulle bakinsu, a fesa kankare a kai, a mayar da ƙasa. Matsin da ya ɓace ya dawo ke nan.

Mu dawo gida. Abin da ya fi damuna shi ne, wannan gyara sai da fili yake yiwuwa. Idan an kafa shago ko gareji a kan layin bututu, ina za a sa injin tono? Don Allah, makanikai da 'yan kasuwar Apo, a bar wa hanyar bututu filinta. Wanda kuma ya ga ƙasa na jiƙewa da rani ba dalili, ko ta fara lotsawa, ya sanar da Hukumar Ruwa ta Abuja a ranar.