Madugu Uban Tafiya

Jawabin da aka yi wa jama'a ran bikin cikar masallacinmu shekara 60, a zangon Kumasi.

 

An ce mu yi magana a kan shugabanci, domin wa'adin waɗanda ke riƙe da sha'anin masallacin nan ya kusa cika, nan da wata biyu za a zauna a zaɓi waɗansu. To, kafin mu ce kome, kowa ya dubi sahun da ya ke ciki. Ga mahauci, kusa da shi direban babbar mota, ga makanike daga Magazin ta Suwame da baƙin mai a farcensa, ga maɗinki, ga ɗan goro, ga dillalin shanu, ga malamin makarantar boko, ga likita, ga yaronmu mai aikin kwamfuta a banki. Bayan labule kuwa ga uwayenmu masu koko da ƙosai da masu tebur a kasuwar Kejetiya, waɗanda, in za a faɗi gaskiya, kuɗinsu ya fi na kowa yawa cikin asusu. Ba mahalukin da ya san sana'o'in nan duka. To, da me mutum ɗaya zai shugabance su?

Kakanninmu sun amsa wannan tambaya a kan hanyar Gwanja. Fatake su kan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato, jakunansu ɗauke da kanwa da turkuɗi da jemammun fatu, su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu, su yi wata da watanni kafin su sauka Salaga su sayi goro. Ayari gari ne mai tafiya, shugabansa kuwa shi ne madugu. Amma ba madugu ke gaba ba. Jagaba ke gaba, shi ya san rafin da ya ƙafe da wanda ke da ruwa, da inda ya kamata a yada zango. Akwai uban dawaki mai taimakon madugu a kan kuɗin fito da gaisuwar sarakunan hanya, akwai kuma malamin ayari mai rubuta wasiƙa da jan salla. Madugu bai fi jagaba sanin daji ba, bai fi malam karatu ba. Abin da ya ke da shi, maganarsa ce. In ya dawo daga fadar wani sarki ya ce an biya kaza, kowa ya san kaza ɗin aka biya, sai a raba bisa kayan kowa ba gardama. Ba a tilasta wa falke bin madugu. Wanda ya ci amana bana, baɗi sai ya waiwaya ya ga ba kowa bayansa.

In ayari ya sauka, sai a faɗa hannun mai gida, watau mai masauki. Shi ke ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya sa dillali ya nemo mai saye, ya tsaya tsakanin Bahaushe da Ba'asante ko Badagombe waɗanda ba su jin harshen juna. In an ba da kaya bashi, shi ke lamuni, in wanda ya ci bashin ya gudu, sunan mai gida ne ya ɓaci. Har wa yau haka a ke yi a kasuwar shanu da ta goro, dillalanmu na nan zaune, in mun yi kuskure su gyara mana. Da yaƙi ya watsa Salaga a 1892, mutane suka bazu zuwa Kete Karaci da Yeji da Kintampo, daga baya da yawa suka gangaro nan Kumasi. Kasuwa ta mutu, gidaje sun zama kufai, amma wanda aka sani da riƙon amana a Salaga, da wannan suna ya buɗe sabon gida a inda ya sauka, baƙinsa na dā suka bi shi. Cikin waɗanda suka ƙaura har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna Kete Karaci har rasuwarsa a 1934, Allah ya jiƙansa. Shi kuwa, duk da zurfin karatunsa, bai raina bukatar 'yan kasuwa ba, har littafi ya wallafa a kan yadda a ke rubuta wasiƙa.

Amma akwai misalin da ya fi wannan, shi ne na Hijira, shekara ta 622 bisa lissafin Masihiyya. Mun saba jin labarin, sai dai ba safai mu kan lura da ko su wane ne suka yi aikin ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fita tare da Sayyidina Abubakar, wanda ɗan kasuwa ne, shi ya tanadi raƙuma biyu. Suka kwana uku a kogon Sauru. Abdullahi ɗan Abubakar ya kan wuni cikin Ƙuraishawa yana sauraro, da dare ya kawo labari. Amiru ɗan Fuhaira, makiyayi, ya kan koro tumaki ya ba su nono, tumakin kuma su tattake sawun da aka bari. Nana Asma'u ta shirya guzuri. Jagoran hanya kuwa, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗi, a sa'an nan yana kan addinin mutanensa, amma gwani ne na sanin hanyoyin hamada. Shi aka danƙa wa raƙuman nan biyu, aka gaya masa wuri da rana. Ku tuna fa, Ƙuraishawa sun sa raƙumi 100 ga duk wanda ya kawo Annabi. Da ya so, da kalma ɗaya ta ishe shi arziki. Bai faɗa ba, ya zo ran da aka yi alkawari, ya bi da su ta hanyar gaɓar teku wadda masu nema ba su zata ba. Shugaban talikai ke nan, mai samun wahayi, amma a kan sanin hanya sai ya nemi wanda hanya ce sana'arsa. Sa'an nan ya bar Sayyidina Ali a Makka domin ya mayar wa mutane ajiyarsu, gama waɗanda ke ƙaryata shi da rana, har wannan lokaci wurinsa su ke kai dukiyarsu ajiya.

Yanzu sai mu komo gida. Iyayenmu sun ba mu labari, ma'ajin farko na masallacin nan mahauci ne, bai yi boko ba, ajami ma da ƙyar ya ke haɗa baƙi. Ba za mu faɗi sunansa ba, jikokinsa na nan, kunya za ta kama su. Kowace Juma'a ba ya taɓa kuɗin asusu sai ya kira mutum biyu, wani maɗinki da wani direba, a ƙirga a gabansu, sa'an nan ya miƙe ya faɗa wa jama'a abin da aka samu da abin da aka kashe. A watan Nuwamba na 1969, masallacin nan yana sabo, gwamnatin Dokta Busiya ta ba da oda cewa baƙin da ba su da takardar zama su bar ƙasa cikin mako biyu. Sahu ya ragu ƙwarai. Waɗanda ba su sami sayar da kayansu ba, wurin mahaucin nan suka kai, wani mabuɗin gida, wani keken ɗinki. Ya riƙa karɓar kuɗin hayar kowa yana ƙullewa a tsumma dabam. Waɗansu sai bayan shekaru suka dawo, waɗansu 'ya'yansu ne suka zo, kowa ya tarad da ƙullinsa. Ba sarauta gare shi ba, amma in rigima ta tashi tsakanin direbobi da 'yan kasuwa, ƙofarsa a kan nufa.

Wannan ya kawo mu ga abin da ba shi da daɗin faɗi, mu kuwa ba mu da ikon nuna kowa da yatsa, domin muna cikin kwamitin da ya yi shi. Shekarun baya an tara kuɗin sabon rufi. Allah shaida ne, ba wanda ya ci ko sidi ɗaya. Amma mun zauna mu kaɗai, mu masu rawani da masu takarda, muka ba wani na waje aiki saboda wani cikinmu ya san shi, muka yi shekara guda ba mu karanta wa jama'a lissafi ba. Ruwan farko ya sauko, rufi ya yi yoyo a kan sahun gaba. Daga baya wani kafinta, wanda ya fi shekara 20 yana salla a nan, ya ce tun ran da aka sauke katakon ya ga ɗanye ne. Muka ce, don me ba ka faɗa ba? Ya ce, Allah gafarta Malam, wa ya tambaye ni? Wannan magana har yau tana yi mana zafi. Tun daga nan uwayenmu mata suka rage zubi, 'ya'yanmu na Ingila da Jamus da Amurka suka rage aike. Ba su kira mu ɓarayi ba, shiru kurum suka yi, shirun kuwa ya fi zagi nauyi.

Mun ji samari na cewa a buɗe asusu a banki da sa hannun mutum uku, a riƙa ba da rasit, a liƙa lissafi a bango kowane wata. Mun kuma ji waɗansu dattawa sun ɓata rai, wai ana tuhumarsu. Iyayenmu, ku yi mana gafara, a nan yaran nan sun fi mu gaskiya. Ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, ga sahabbai kuwa aka fara karanta ta, ba wanda ya ce an zage shi. Ku kuma samari, kada ku zaci takarda ta gama magana. Rasit ba ya gaya muku katako ɗanye ne, kuma in mai riƙe da alƙalami ba shi da amana, lissafinsa ya kan fi na kowa kyan gani.

Saboda haka ran zaɓe, in an kawo sunan mutum, kada a tsaya ga ɗan wane ne, ko wace ƙabila, ko sau nawa ya je Makka. A je a tambayi yaran shagonsa ko yana biyansu a kan lokaci, a tambayi abokan sana'arsa ko an taɓa ba shi ajiya. A duba kuma ko ya taɓa taka ƙafa ya je mahauta ko tasha ya gai da mutane ba don yana neman wani abu ba, gama wanda bai san ƙofar kafinta ba tun ana zaman lafiya, ba zai tuna da shi ba ran da za a sayi katako. Muna roƙon a ba kowace sana'a kujera, mata kuma su zaɓi nasu da kansu.

Rufin yana nan yadda ku ke ganinsa. Ran Asabar mai zuwa bayan sallar La'asar, muna roƙon kafintoci da magina da masu walda na cikin jama'a su zo su hau su duba, abin da suka faɗa shi za a karanta ran Juma'a kafin a nemi ko kwabo wurin kowa. Allah ya jiƙan waɗanda suka kafa wannan masallaci, ya gafarta mana kuskurenmu.