Sunayen Wurare Da Tarihin Mallakar Gonaki A Ƙasar Haɗejiya



Gabatarwa

Abin da nake so mu duba a yau shi ne dangantakar da ke tsakanin sunayen wurare da tarihin mallakar gonaki a ƙasar Haɗejiya, watau masarautar da ta ƙunshi ƙananan hukumomi 8 na Jihar Jigawa: Auyo, da Birniwa, da Guri, da Haɗejiya, da Kafin Hausa, da Kaugama, da Kirikasamma, da Malam Madori. Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan malamin Hausa da maganar gona? Dalili shi ne, galibin gonakin karkara ba su da takarda. Idan rigimar iyaka ta kai gaban alƙali, bakin dattawa ake nema, su kuwa dattawa da suna suke ba da shaida. Za su ce daga marken nan zuwa bakin tafki kaza na gidan wane ne, gama kakansu ya sare wurin. Ashe ke nan suna shaida ne, kuma wanda ya iya karanta shi zai ga waɗanda suka riƙi ƙasar, bi da bi.

Sunaye Hawa Hawa

Kafin jihadi wannan yanki ya kasu ne ga ƙananan sarautu bakwai: Auyo, da Haɗejiya, da Garin Gabas, da Gatarwa, da Kazura, da Fagi, da Dawa. Dukkansu suna bin Barno ta hannun Galadiman da ke zaune a Nguru. Garin Gabas shi ne Biram da ake lissafawa cikin Hausa Bakwai. Mulkin waɗannan sarautu ya shuɗe fiye da shekara ɗari biyu, amma Kazura da Fagi da Dawa da Garin Gabas suna nan a matsayin sunayen mazaɓu.

Hawa na farko shi ne na sunayen da kunnen Bahaushe ba ya tsintar ma'ana a cikinsu. A ƙasar Auyo akwai Unik, da Tsidir, da Gamsarka, da Gamafoi, da Auyakayi. Mutanen waɗannan garuruwa Hausa suke yi a yau. Amma Auyokawa sun taɓa kasancewa da harshensu, Auyokanci, wanda masana suka sa a rukuni ɗaya da Badanci da Ngizimanci, ya kuwa riga ya mutu. Ƙa'idar da masu nazarin sunaye suke bi ita ce, idan suna bai fassaru da harshen mazauna wuri ba, alama ce ya riga wannan harshe zama a wurin. Harshe yakan mutu a bakin mutane ya bar sawunsa a kan ƙasa.

Hawa na biyu na Barebari ne. A Barbarci ana liƙa ɗafin -ri a ƙarshen suna ko sarauta don a nuna mazaunin mai sunan, kamar yadda ake ji a Shehuri da Hausari a Maiduguri. Shi ne muke ji a Kachallari da Machinamari a ƙasar Birniwa, da Musari a ƙasar Guri, da Dunari a ƙasar Malam Madori. Kachalla sarauta ce ta Barno, Machinama kuwa laƙabin sarkin Machina ne. Irin wannan suna yana gaya mana abu biyu lokaci ɗaya: wanda aka jingina wa garin, da kuma ɓangaren da ikonsa ya fito. Har ila yau kalmar bulama, wadda ake kiran shugaban ƙauye da ita a ƙasar Haɗejiya, daga Barno ta zo, bulama kuwa shi ne mai nuna wa baƙo inda zai sara.

Hawa na uku na Hausa ne, shi ne kuma mafi sauƙin karantawa. Wani sunan daga itace yake, kamar Marke da Madaci. Wani daga sana'a, kamar unguwannin Majema da 'Yankoli a cikin birni. Wani daga tsaro, kamar Kafin Hausa, gama kafi shinge ne na itatuwa da ake kewaye gari da shi saboda hari. Ita kanta Jigawa, wadda aka sa wa jihar da aka ƙirƙiro a 1991, sunan irin ƙasa ne, watau tudu mai rairayi.

Sai sunan Haɗejiya kansa. Labarin da aka gada ya ce wani maharbi ne mai suna Haɗe ya fito daga Machina ya zauna a wurin da matarsa Jiya, aka haɗa sunayensu. Masanin harshe zai yi taka tsantsan da irin wannan fassara, domin jama'a sukan ƙaga labari su bayyana sunan da ya shige musu duhu. Duk da haka labarin yana da amfani, saboda ya nuna abin da mutane suka ɗauka shi ne tushen mallaka: wanda ya fara shiga daji ya sare shi, shi ke da wurin.

Daga Jihadi Zuwa Zuwan Turawa

Wannan fahimta ta dace da hukuncin Malikiyya game da raya matacciyar ƙasa. Wanda ya raya ƙasar da ba ta kowa ba, ta hanyar sara ko haƙa rijiya ko gini, ta zama tasa, sai dai idan tana kusa da gari yana bukatar izinin shugaba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi a kan wannan mas'ala mai suna Ta'alimur Radi.

Da tutar Shehu ta iso ta hannun Umaru da ƙanensa Sambo, 'ya'yan Harɗo Abdure, sai aka tattara sarautun nan a ƙarƙashin sarki ɗaya. Sambo, wanda ya yi mulki daga 1808 zuwa 1845, shi ya mai da Haɗejiya babban birni. Aka raba garuruwa ga masu sarauta, suna zaune a birni, jakadunsu suna karɓo musu zakka da kuɗin ƙasa. A nan akwai bambancin da ya kamata ɗalibi ya riƙe. Abin da basarake yake da shi a garin da aka ba shi, shi ne ikon karɓar haraji da raba daji. Gonar talaka kuwa tana hannun talaka, 'ya'yansa su gada, muddin bai yi ƙaura ya bar ta ba. Gonakin da suke na sarauta sosai su ne gandaye, waɗanda bayi da aikin gayya suke nomawa, suna kuma bin rawani duk inda ya je. Unguwar Gandun Sarki a Haɗejiya gidaje ne a yau, sunan ne ke tuna mana abin da wurin yake a da.

Zamanin Sarki Buhari, wanda ya yi wa Sakkwato tawaye ya kuma rasu a 1863 wajen yaƙi da Bade a Gogaram, zamani ne na hare-hare. A irin wannan hali mutane sukan taru a bayan kafi da ganuwa, gonakin kusa su yi daraja, na nesa su koma daji.

Dokokin Takarda

Turawa sun ci Haɗejiya ranar 25 ga Afrilu 1906, ranar da Sarki Muhammadu ya faɗi, aka yi masa laƙabi da Mai Shahada. Bayan haka aka yanka ƙasa gunduma gunduma, aka tura hakimai su zauna a cikinsu. A 1908 wani kwamiti ya zauna a Landan kan ƙasar Nijeriya ta Arewa, daga shawararsa aka yi dokar 1910 wadda ta sa dukan ƙasa a hannun Gwamna, yana riƙe da ita domin amfanin 'yan ƙasa. Aka sabunta ta a 1916, Gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata a 1962, sa'an nan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta shimfiɗa wannan tsari a kan Nijeriya baki ɗaya. A ƙarƙashinta ƙasa tana hannun Gwamnan jiha, ƙaramar hukuma kuwa tana iya ba mutum izinin riƙe har hekta 500 don noma, ko 5,000 don kiwo.

A takarda ke nan manomi mai izinin zama ne kawai. A ƙauye kuwa harshe bai bi doka ba. Mutane suka ci gaba da cewa gado, da saye, da aro, da haya, da jingina, da kyauta, da kashe-mu-raba, kowace kalma da nata hukunci. Zaman lafiya ya sa aka bazu aka sari sababbin gonaki. Da layin dogo ya isa Nguru a 1930 ta Malam Madori da Birniwa, gyaɗa ta ɗaga darajar jigawa, biyan haraji da tsabar kuɗi kuma ya buɗe ƙofar jingina ga wanda damina ta ƙi.

Fadama

Inda maganar ta fi wuya shi ne fadama. Gonar tudu tana nan inda take rani da damina, iyakarta a fili. Fadama kuwa ruwa ke yi mata iyaka, kuma fili ɗaya yakan zama na mutum uku a shekara ɗaya. Da damina mai shinkafa ke da shi. Idan ruwa ya cika, masunta su shiga da izinin mai ikon ruwan, su ba shi rabonsa. Idan ya janye a shuka wake ko wani abu a danshin da ya bari, bayan girbi kuma Bafillace ya sako shanunsa ta burtali zuwa mashaya. Takardar mallaka suna ɗaya take ɗauka. Ranar da aka rubuta ta da sunan mutum guda, sauran biyun sun zama baƙi a wurin da kakanninsu suka ci abinci.

Daɗin daɗawa, ruwan kansa ya sake hali. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ga kuma farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984. Ambaliyar da takan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 tsakanin Haɗejiya da Nguru da Gashuwa a shekarun 1960 ta ragu zuwa ƙasa da rabin haka a waɗansu shekarun 1980. Da Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da alkama a 1987, masu hali suka shigo fadama da injinan ban ruwa, aka nome wuraren da a da makiyaya ne, rigima tsakanin manoma da Filani ta ƙaru. Sakin ruwa daga madatsu rani da damina kuma ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyin ruwa, har yawancin ruwan ya karkata zuwa rafin Marma, na Burum Gana ya ragu. Sakamakon haka waɗansu gonaki suka nutse shekara da shekaru, waɗansu suka bushe.

Ku duba abin da wannan ke jawowa. Gonar da ta shekara ashirin a ƙarƙashin kacala, itatuwan iyakarta sun mutu, dattawan da suka san ta sun ragu. Ranar da aka yashe rafi ta fito, ta wa ce? Abin da zai saura shi ne sunan da ake kiran wurin da shi, in an sami mai tunawa.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Akwai abin koyi a ƙasar Ailan. Tsakanin 1824 da 1846 an yi wa ƙasar safiyo, aka sa masana harshe irin su John O'Donovan suka bi gari gari suna rubuta sunaye kamar yadda mutanen wurin suke faɗa. Daga 1847 zuwa 1864 aka bi da ƙiyasin Griffith, wanda ya rubuta mai riƙe da kowane fili da wanda yake biya wa haya. Turawan Ingila sun yi wannan ne domin haraji, sun kuma lanƙwasa sunaye da yawa zuwa bakinsu. Amma da waɗannan kundaye jikokin manoman suke gano gonakin kakanninsu a yau. A 1937 zuwa 1938 kuma, bayan sun sami mulkin kansu, 'yan makarantar firamare aka sa suka tattaro sunaye da labarai daga bakin tsofaffi.

Shawarata uku ce. Ta farko ga ɗalibai: kowa ya ɗauki ƙauye ɗaya a matsayin aikin kundinsa, ya zauna da bulama da dattawa maza da mata, da masunta da makiyaya, ya rubuta sunan kowace fadama da tafki da burtali da mashaya, da yadda ake furta shi, da labarinsa, da kuma inda yake a taswira. Ta biyu ga ma'aikatan ƙasa da safiyo: a riƙa rubuta sunan gargajiya tare da lambar fili, a kuma ambaci haƙƙin su da na kiwo inda suke, musamman idan za a karɓi fili ko a biya diyya. Ta uku ga mu duka: a rubuta suna daidai, da ɗ da ƙ da ɓ, domin kuskuren da ya shiga fayil shi ke zama gaskiya bayan shekara hamsin.

Kammalawa

Mun ga yadda Auyokawa da Barebari da Hausawa suka bar sunaye a ƙasar Haɗejiya, da yadda dokoki daga 1910 zuwa 1978 suka hau kan al'adar da ba su kawar ba, da kuma yadda canjin ruwa ya rikita iyakokin fadama. Dattawan da suka yi noma kafin a datse Tiga suna nan da ransu, amma ba su da yawa. Aikin tattara abin da ke bakinsu na wannan rani ne, kafin a nemi shaida a rasa.

 Allah ya ba mu damina mai albarka.